Baba ya ce ya daina mafarki, kuma ƙarfe 2 na dare yake farkawa

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Ya haura shekara 70. Yanzu da an idar da Isha'i, kafin a kwashe kwanukan tuwo ya fara gyangyaɗi, ƙarfe 9 ba ta riskarsa ido biyu. Amma tsakanin ƙarfe 2 da 3 na dare sai ka ji ƙarar buta a tsakar gida, cikin wannan sanyin namu na Jos. Daga nan ba ya komawa har a kira Asuba. Da rana kuma yana zaune a ƙofar gida, rediyo na kunne, barci na fizgarsa. Jiya yake ce min rabonsa da mafarki har ya manta. Ƙanena ya ce mu je kemis mu karɓo masa maganin barci. Me kuka gani?

Baba Direba: Wa'alaikumus salam. Yaro, duba lokacin da nake ba ka amsa, uku saura kwata. Ni ma idona biyu. Ku ƙyale dattijo ya sarara. Zamanin da nake lodin tumatir daga Farin Gada zuwa Fatakwal, in na faka na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ko ganga ake kaɗawa a kaina ba na ji sai yaron mota ya ja ƙafata. Yau ɓera ya taɓa murfin tukunya a kicin, shi ke nan na farka. Tsufa ne. Ba a sayar da maganinsa a kemis.

Malam na Rikkos: Ni abin da nake gani baiwa ce aka yi wa mahaifinka. Matasa suna saita ƙararrawa a waya don su samu sulusin dare na ƙarshe, ƙararrawar ta gaji ta yi shiru ba su motsa ba. Shi an tashe shi kyauta. Kuma kwanciya da wuri ba aibi ba ce, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta. Mu ne muka juya dare ya koma rana.

Maman Sadiq: Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma mu da muke zaune da tsofaffi a gida mun san ɗayan ɓangaren. Surukata haka take. In ta farka, gida ya farka: a ɗora mata ruwan zafi, a nemo mata tocila. Bara da hunturu ta fita bayi cikin duhu, ta zame a bakin famfo, Allah ne ya kiyaye ƙugu bai karye ba. Kuma ita ba ta ɗauke shi baiwa ba, kullum kukanta shi ne "ban runtsa ba". Alhali ina jin minsharinta tun ƙarfe 8.

Dokta: Barkanmu da safiya. Ɗan Gangare, kafin komai mu yi lissafi. Baba yana kwanciya wajen 8:30, yana tashi wajen 2:30. Awa 6 ke nan. Ƙara gyangyaɗin ƙofar gida, a ce awa 1. Ka ga ya kai 7. Abin da ake so ga wanda ya kai 65 zuwa sama shi ne awa 7 zuwa 8 a kwana ɗaya. To barcin Baba bai ɓace ba, matsowa gaba ya yi. Akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa da ke tsara lokacin barci da farkawa, kuma in shekaru suka ja yana yin sauri: barci ya zo da wuri, farkawa ta zo da wuri. Kai da kake kwanciya ƙarfe 12 ka tashi 6 awanninka ba su fi nasa ba, sai dai ba wanda ya ce a kai ka kemis.

Ɗan Gangare: Dokta wallahi ban taɓa lissafa shi haka ba. To zancen mafarkin fa?

Dokta: Zan zo kansa, amma bari in fara da na Baba Direba, don ɓeransa shi ya fi kusa da ainihin abin da ke canzawa.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga kwanciya zuwa tashi. Zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A cikin kowane zagaye mutum yakan fara da barci marar nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, sannan ya shiga matakin da ƙwayar ido ke yawo da sauri a ƙarƙashin fata, wanda a asibiti muke ce wa REM. A nan ne ake yin mafarkai masu labari, irin waɗanda mutum ke tashi ya ba da su. A Jami'ar Chicago ta Amurka aka gano wannan mataki a 1953, Aserinsky da malaminsa Kleitman.

Wanda tsufa ya fi ci shi ne mai nauyin, wanda yaron mota ke jan ƙafa. Kuma ba ya jiran furfura. A wani bincike da aka buga a 2000, shi ma daga Chicago, an auna barcin maza 149. 'Yan shekara 16 zuwa 25, kusan kashi 19 cikin 100 na barcinsu mai nauyi ne. 'Yan 36 zuwa 50, ya faɗo zuwa wajen kashi 3. Wasu binciken sun samu faɗuwar ba ta kai wannan tsanani ba, kuma mata sun fi maza riƙe barci mai nauyi, amma alƙiblar ɗaya ce. Yawancinmu da ke wannan zaure mun riga mun yi asarar, ba mu lura ba ne kawai.

Baba Direba: Ashe tun ina kan hanya aka fara yi min sata.

Maman Sadiq: Dokta ka ce mata sun fi riƙe barci mai nauyi? To me ya sa mu ne muka fi kukan rashin barci?

Sista ta Bukuru: 'Yata, wannan bari ni in amsa, na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma na bi ta hanyar da kaina. Lokacin ɗaukewar al'ada, zafi yakan taso wa mace cikin dare daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane, a watan Disamba a Jos kowa na neman bargo na biyu ke kina ture naki. Ya wuce, sanyi ya kama ki, ki ja bargo, ya sake dawowa. Wasu matan shekaru suke yi a haka ba su faɗa wa kowa ba don kunya. Ga kunnen uwa da ya saba da kukan yaro, ga tunanin gida. Na'ura za ta iya cewa barcinki ya yi nauyi, ke kuwa kin san sau nawa kika juya.

Dokta: Sista ta faɗi gaskiya, ba ni da ƙari.

To mafarki. Jariri sabon haihuwa kusan rabin barcinsa a matakin mafarki yake yi. Babba kuwa kashi 20 zuwa 25. In aka tsufa yana raguwa, amma a hankali, ba irin faɗuwar mai nauyi ba. Tsoho mai lafiya bai daina shiga wannan mataki ba. Abin da ya fi raguwa shi ne tunawa. Mafarki ba ya zama a kai sai mutum ya farka a cikinsa ko dab da ƙarewarsa. In aka tashi mutum a daidai lokacin da idonsa ke yawo, galibi zai ba ka labari, ko da shi ne mai rantsuwa cewa ba ya mafarki.

Sannan rabon bai daidaita a dare ba. Barci mai nauyi a farkon dare yake taruwa, na mafarki kuma yana ƙara tsawo ne can wajen asuba. Na farko ba ya wuce 'yan mintoci, na ƙarshe yana iya kai rabin awa ko fiye. Duk wanda ya taɓa komawa gado bayan sallar Asuba ya san irin mafarkan da ke zuwa, ɗaya na bin ɗaya. Wanda fitsari ko ciwon gwiwa ya yanke wa barci tun kafin ya ƙoshi, wannan wutsiyar ce yake rasawa.

Malam na Rikkos: Dokta, a nan ina da ja. Mafarki a wurinmu ba motsin ido ba ne kawai. Akwai na gaskiya, akwai na Shaiɗan, akwai zancen zuci. Na'urarku ba ta bambance su.

Dokta: Allah gafarta Malam, ba ta bambancewa, kuma ba ta yi da'awar haka ba. Ita lokacin take nunawa, ba ma'anar ba. Fassara tana wurinku.

Malam na Rikkos: To madalla, in dai kowa ya tsaya a gonarsa.

Ɗan Auta: Ni agogon hannuna yana nuna min komai da safe. Jiya ya ce barcin mafarkina kashi 11 ne kawai. Shekarata 24. Ke nan na tsufa?

Dokta: Agogonka motsin hannu da bugun zuciya yake ji, sai ya yi kirdado. Auna matakan barci na gaskiya sai an liƙa wayoyi a kai, da gefen ido, da haɓa. Kar lambar ta dame ka. Abin da zai dame ka shi ne ƙarfe nawa ka ajiye waya.

Ɗan Auta: Dokta a bar wannan zancen.

Ɗan Gangare: To maganin kemis ɗin fa? Ƙanena ya nace, ya ce rabin ƙwaya kawai.

Sista ta Bukuru: Ka ce masa ni na ce a'a. Na san abin da za a miƙo muku: ko diazepam, ko Piriton, ko wani maganin mura mai sa barci. Jikin tsoho ba ya fitar da diazepam da wuri, na daren jiya yana nan a jini har gobe, a ɗora wani a kai. Fitsari kuwa ba ruwansa da ƙwaya, zai tashe shi ƙarfe 2 kamar kullum, sai dai yanzu zai miƙe cikin magagi, ƙafa ba ƙarfi, ƙasa da santsi. Na yi jinyar tsofaffi da karayar ƙugu, wasu daga wannan kwanciyar ba su sake takawa ba. Shi kuma Piriton yana rikita tsoho, yana busar da baki, kuma namiji mai kumburin mafitsara yana iya riƙe masa fitsari gaba ɗaya a kwana a asibiti ana sa roba. Ga sabo. In ya yi wata yana sha, ranar da babu ba zai runtsa ba sam.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya mai da burkutu maganin barcinsa. Tana kwantar da shi da wuri, ba musu, amma tsakar dare yake farkawa ya kasa komawa.

Dokta: Haka giya take, tana danne barcin mafarki a farkon dare sannan ta farfasa sauran. Wasu magungunan damuwa ma suna rage shi, amma wannan likitan da ya rubuta ne zai duba, ba a dainawa da ka.

Abin da za ku iya yi wa Baba a gida, in shi abin ya dame shi: haske. Agogon nan da haske ake saita shi, kuma hasken yamma yana tura barci baya. Bayan La'asar ya zauna a waje maimakon cikin zaure. Bayan Magariba a samu fitila mai haske sosai a ɗakinsa, musamman in an ɗauke wuta, a zauna a yi hira da shi, kar a bar shi shi kaɗai da rediyo cikin duhu. In ya ja zuwa 9:30 ko 10, farkawar za ta matsa kusa da Asuba. A duba idonsa ma, yanar ido tana rage hasken da ke shiga. Ƙailula a yi ta a kwance, rabin awa bayan Azahar, ta fi gyangyaɗin kujera sau biyar a wuni.

Na ce "in abin ya dame shi". Ku tambaye shi. Wataƙila ku ne ƙarar buta ta dama.

Baba Direba: Yawwa Dokta. Ka taɓa inda yake ƙaiƙayi.

Hajiya ta Unguwar Rogo: Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma zancen mafarkin nan ya taɓa ni. Namu akasin haka ne. Alhaji mafarkinsa ya yi yawa, kuma da jiki yake yinsa. Zai kama ihu, ya kai naushi, ya yi shuri. Ran nan ya buge garu da hannu har yatsa ya kumbura. In na tashe shi nan take yake dawowa hayyacinsa, ya ce ɓarayi ne suka shigo yana kare gida, ko kare ne ya biyo shi. Mutumin da ko yaro bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Ya kusa shekara 2 ana haka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, 'yan uwansa har sun fara zancen sammu. Ni dai na koma kan katifa a ƙasa.

Ɗan Auta: Hajiya ba dannau ba ne?

Maman Sadiq: Ina! Dannau ai ko yatsa ba ka iya ɗagawa.

Dokta: Hajiya, na gode da kika faɗa, don wannan ya fi duk abin da muka tattauna tun safe muhimmanci. Maman Sadiq ta yi daidai, su biyun kishiyoyi ne amma tushensu ɗaya. Idan mutum ya shiga matakin mafarki, ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓinsa, ta bar numfashi da ido kawai, don kada ya aikata abin da yake gani. Dannau shi ne hankali ya farka ɗaurin bai saki ba tukuna. Yana tsoratarwa, amma ba ya cutarwa, kuma ya fi kama matasa da masu ƙarancin barci. Irin na Alhaji kuwa ɗaurin ne ya kwance alhali ana tsakiyar mafarki. Likitoci biyu a Minnesota, Schenck da Mahowald, suka bayyana shi a 1986, kuma ya fi samun maza da suka haura 50.

Ba zan ce shi ne ba, ban gan shi ba, akwai abubuwan da ke kama da shi. Amma wannan ba ya cikin canjin tsufa na yau da kullum. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, asibitin koyarwa na Lamingo ya fi kusa da ku. Dalili biyu. Akwai maganin da ke rage faɗan. Na biyun, ba zan ɓoye miki ba: da yawa daga masu wannan matsala, bayan shekaru, cutar karkarwa ta Parkinson ko danginta kan bayyana a jikinsu, shi ya sa ake so likita ya riƙa bibiya. Kafin nan a kawar da teburi da duk abu mai kaifi daga bakin gado, in da hali shi ma katifarsa ta sauko ƙasa.

Hajiya ta Unguwar Rogo: Innalillahi. Dokta ka tsorata ni.

Malam na Rikkos: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba a ce ya kamu ba, an ce a duba. Ku ci gaba da addu'o'in kwanciya, ku kuma je asibitin. Zancen sammu kuwa a ja wa 'yan uwa kunne, zargi ne ba hujja, kuma da irinsa ake raba zumunci.

Sista ta Bukuru: Hajiya, ki sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki bidiyo da waya duk daren da Alhaji ya sake farawa. Likita ba zai kwana a ɗakinku ba, minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayani. Ki tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya.

Dokta: Akwai wani abu da nake so kowa ya riƙe. Wani babban nazari na 2004 ya tattara bincike 65 a kan masu lafiya, daga yara har masu shekara sama da 100. Ya nuna yawancin canjin barci yana faruwa ne kafin 60. Bayan nan, in lafiya lau, abin da ke ci gaba da ƙaruwa shi ne yawan farkawa cikin dare. Don haka tsohon da barcinsa ya lalace ƙwarai cikin ɗan lokaci, kar a ce tsufa ne a yi shiru. A nemi dalili: sikari mai sa yawan fitsari, kumburin mafitsara, ciwon gaɓoɓi, damuwa bayan rasuwar abokin zama, ko numfashi mai tsayawa.

Maman Sadiq, wannan na ƙarshen ya shafe ki. Kin ce kina jin minsharin Hajiyarku amma ita tana cewa ba ta runtsa ba. Ki saurara da kyau. In minsharin yana yankewa, a yi tsit, sannan ta ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe ta, to maƙogwaro ne ke rufewa, kuma kowace rufewa tana fizgo ta daga barci ba ta sani ba. Yana tafiya da hawan jini sosai.

Maman Sadiq: Hawan jini kam tana da shi. Kuma akwai wata ƙaramar ƙwaya da take sha da dare, tun da aka fara ta fitar bayi ta ƙaru.

Sista ta Bukuru: Ki karanto sunanta. In mai sa fitsari ce, da safe aka saba shan irinsu. Amma kar ki canza da kanki, ki kai katinta ki tambaya. Ki kuma ajiye mata fo da fitila a ɗaki, ta daina ratsa tsakar gida.

Ɗan Gangare: Baba ma yana cin goro bayan Magariba, ya ce don kar barci ya ɗauke shi kafin Isha'i. Sai shayi.

Dokta: Goro da shayi duka suna da kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da mutum, kuma jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Ba lallai ya hana tsoho yin barci ba, amma yana ƙara rage masa nauyi, wanda dama ya yi ƙaranci. A gwada tsayar da goro daga Azahar na mako 2 a gani.

Baba Direba: A nan muka rabu, Dokta. Ni da goro a baki nake barci tun kafin a haife ka. Fari ma, ɗan Shagamu.

Dokta: Baba, kuma ƙarfe nawa kuka yi rubutu jiya?

Baba Direba: Wannan ɓera ne, ba goro ba.

Hajiya ta Unguwar Rogo: Sista, sai an samo takarda daga ƙaramin asibiti, ko kai tsaye ake zuwa?

Sista ta Bukuru: Ku fara da likitan da yake gani na yau da kullum, ya rubuta muku takardar turawa, ya fi sauƙi. Ki kira ni bayan Azahar in yi miki kwatance.